Kundin horon Nel, karyar kiwo: Mayu zuwa Oktoba 2024

6 ga Mayu

Haihuwar tumaki ta ƙare, gona ta lafa, yau aka fara horar da Nel. Karya ce jinsin Border Collie, wata goma da haihuwa, baƙa mai farin wuya, gajeren gashi, kilo 16. Gonar tana gindin tsaunukan Cheviot a Northumberland, arewacin Ingila, dab da iyakar Sikotland, yankin da jinsin ya samo sunansa. Tumakin nan su kaɗai suke kiwo a kan tudu, ba kowa a gabansu ba kowa a bayansu, amma dole a tattaro su lokacin yi wa 'ya'ya shaida, da aski, da yaye, da barbara. Ƙafar mutum ba za ta iya wannan ba. Tsohon karen gonar, Moss, ya kai shekara tara, ƙafafunsa na baya sun fara nauyi. Abin da ake so: kafin a saki raguna a ƙarshen Nuwamba, Nel ta iya fita mita 300 ta kewayo garke, ta tayar da shi a natse, ta kawo shi, ta tsaya in an ce ta tsaya.

Aikin ya sha bamban da na karen da ke bin garken Fulani a gida, wanda nasa gadi ne da haushi. Na collie farauta ce da aka datse kafin ta kai ga kamu: yana laɓaɓawa, ya kafe dabba da ido, ya sha gabanta, ya juyo ta wajen mai shi. Da wannan ake haifarsa. Abin da horo ke ƙara masa tazara ce da birki. Karen kiwo kuma yana cikin ukun da hadisi ya halatta riƙewa, tare da na farauta da na gona.

Yanzu tana amsa kira, tana kwanciya da umarni, tana tafiya a igiya ba ta ja. Da gangan ba a taɓa sakinta cikin tumaki ba. Tun tana wata shida take kafe su da ido ta jikin shinge, sai dai kwikwiyon da bai kai tunkiya gudu ba ba zai iya shan gabanta ba, sai ya koma bin baya da cizo, kuma cire wannan ɗabi'a aiki ne.

Kuɗi zuwa yau: kwikwiya fam 600, da 'yar na'urar shaida ta ƙarƙashin fata wadda doka ta wajabta tun 2016, allurar rigakafi fam 85, buhun abincin karen aiki mai kilo 15 fam 24. Jikin kare mai kilo 16 yana ƙona kalori 560 a rana ko bai motsa ba. Na ninka biyu saboda girma da aiki, 1,120 ke nan, wato wajen giram 300 na wannan abinci. Kaɗan da safe, mafi yawa da yamma bayan ta huce. Ba a sa kare gudu da cikakken ciki.

8 ga Mayu

An kafa da'irar horo da shingayen ƙarfe 28 masu tsawon mita 1.8, faɗinta ya kama mita 16. Amfanin da'ira shi ne ba kusurwar da tumaki za su cusa kai su maƙale, don a kusurwa ne ƙaramin kare ke rasa dabara ya kai baki. Sauran kaya: siririyar igiya mita 8 da za ta riƙa ja a ƙasa, ba ƙulli a ƙarshenta don kada ta sarƙe da shinge, da bututun roba mita ɗaya da aka ɗaura wa buhu a baki. Na tare hanya ne da buga ƙasa, ba ya taɓa jikin kare. Igiya da bututu fam 14, shingaye na gona ne.

10 ga Mayu

Sakin farko, kuma bai yi kyau ba. An sa tumaki shida 'yan shekara ɗaya, jinsin Cheviot, waɗanda sau biyu kawai suka taɓa ganin kare, shi ma daga nesa. Da aka saki Nel ta yi sanɗa taku uku, kai ƙasa, kafaɗu sama, wutsiya a sauke, daidai yadda ake so. Sai tunkiya ɗaya ta zabura. Nan take Nel ta ratsa tsakiyarsu, ta ware ta, ta bi ta jikin shinge, ta cafki ulun cinya ta rataya. Tunkiyar ta buga ƙirji a ƙarfe, shinge biyu suka kwanta. Na taka igiya, aka tsaya. Nel ta dawo da ulu cike da baki, wutsiya a sama, idanu waje. Tunkiyar ba ta karye ba, amma fata ta ɗaye a cinya wajen faɗin yatsa biyu. An wanke, an fesa magani, an keɓe ta, don a wannan lokaci ƙuda na saurin yin tsutsa a rauni.

Abubuwa biyu suka haɗu. Cheviot tumaki ne masu firgici, ba sa dunƙulewa in sun tsorata, watsewa suke, kuma tunkiya mai gudu ita kaɗai tana tayar wa kare da duk farautar da ke jininsa. Na biyu, mita 16 ya yi wa irin waɗannan kaɗan: ko Nel ta manne da shinge tana cikin tazarar da ke sa su gudu, don haka ba inda za ta tsaya su natsu. Wutsiya ita ce ma'auni. In tana ƙasa kare na tunani, in ta tashi wasa ne ko farauta.

Ba a doke ta ba. Cizon ranar farko na ruɗewa ne, kuma karen da aka daka a kansa yakan ɗauka tumakin ne gaba ɗaya aka hana shi, ya juya baya ya ƙi aiki. Doka kuwa ba ta wasa da kare mai bin tumakin wani: a ƙetaren iyaka, dokar Sikotland ta 2021 ta kai tarar fam 40,000 ko ɗaurin wata 12. Saboda haka ba za ta fita ba igiya ba sai birki ya kama.

13 ga Mayu

An aro tumaki biyar jinsin Mule daga maƙwabci, waɗanda suka saba da kare, suna ganinsa sai su nufo mutum. Na shiga tsakaninta da su, na buga bututu a ƙasa gaban kafaɗarta, ta buɗe ta kewaya. Da ta kai bayansu na ja da baya da sauri don su samu wurin tahowa. Minti takwas aka tashi. Ba cizo.

17 ga Mayu

Minti goma safe, minti goma yamma. Ba sabon abu.

24 ga Mayu

Ta gane saiti. In na tsaya a ƙarfe shida na agogo, ita tana neman ƙarfe goma sha biyu, tumaki a tsakiya. In na matsa dama, sai ta gyara ba tare da an ce komai ba. Har yanzu ba a sa wa kewaye suna ba. Sai motsi ya zauna ake liƙa masa kalma, in ba haka ba kalmar ta manne da motsin banza.

Matsala: ɓangare ɗaya take so. Ta hagu, wato bin hannun agogo, tana buɗewa da kyau. Ta dama tana matsewa, ta yanko kusa da kawunansu, wani lokaci ta juya a rabin hanya ta koma inda ta fi so. Yawancin ƙananan karnuka haka suke. Daga yau kowane kewaye ɗaya ta hagu, uku ta dama, kuma ina tsayawa kusa da tumaki a wannan ɓangare ina tura kafaɗarta waje. Kafaɗa ake nufa. In aka nufi gindinta gudu take ƙarawa, in aka nufi gaban hancinta juyawa take.

31 ga Mayu

Maganin tsila. Wannan ya fi shafar tumaki da kare. Kare ya ci ɗanyen naman mushe ko kan tunkiya, tsila ta girma a hanjinsa, ƙwai ya fita a kashi ya zauna a ciyawa, tunkiya ta ci. Iri ɗaya yana yin ƙuraje a tsoka da zuciya, mahauta ta ƙi karɓar naman. Wani yana yin ƙunshin ruwa a ƙwaƙwalwa, tunkiya ta riƙa zagaye wuri ɗaya kai a karkace har ta faɗi. Akwai kuma mai kama mutum a hanta. Maganin praziquantel ne, miligiram 5 ga kowane kilo, nata 80 ke nan, kuma a gonar nan duk wata ake ba kowane kare rana ɗaya. An sa maganin kaska, don kaskar tudu tana yawa daga yanzu zuwa kaka. Ranar ɗura wa tumaki maganin tsutsa karnuka na ɗaure: abin da ya zube a ƙasa mai ƙarfi ne, kuma wasu karnukan dangin collie ba sa jure irin su ivermectin. Kuɗi fam 19.

7 ga Yuni

An fita daga da'ira zuwa fili mai hekta biyu. An fara sa kalmomin umarni na Turanci, waɗanda mai gona da kowa a yankin ke amfani da su, tunda ba mutum ɗaya zai yi aiki da ita ba: "kam-bai" kewaye ta hagu, "awe" ta dama, "lai-dawun" kwanta, "wok-on" matso, "dadil-du" an gama, dawo. Ana faɗin kalma sau ɗaya, a hankali, daidai lokacin da ta fara motsin. Maimaita "lai-dawun" sau huɗu yana koya mata cewa ukun farko ba komai ba ne.

14 ga Yuni

Ido ya yi mata yawa. Yau ta kai mita goma daga tumaki, ta sauke ƙirji ƙasa, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, ta kafe wata tunkiya mai tabo a kunne, shi ke nan. Kira bai shiga ba, "wok-on" bai shiga ba. Tunkiyar ta juyo ta fuskance ta, ta buga kofato sau biyu, sauran suka ci gaba da cin ciyawa. Sai da na je na tsaya a gefenta ta farfaɗo. Alamar ta fara tun makon jiya: kewaye yana yankewa a ƙarfe goma maimakon goma sha biyu, daidai inda idonta ke haɗuwa da na tunkiyar gaba.

Ido shi ne ƙarfin wannan jinsi, da shi kare mai kilo 16 ke juya tunkiya mai kilo 70 ba haushi. Amma in ya yi yawa yana riƙe karen da kansa. Abubuwa uku suka ƙara shi a nan: tumaki biyar kawai, kullum su ɗin ne, har ta san wadda za ta kafe, sun yi nauyi, suna manne wa gwiwar mutum ba sa tafiya, ga yawan kwantar da ita, wanda kowane ɗaya dama ce ta sake kafewa.

Gyara: an mayar da Mule ga mai su, an ware 'yan shekara ɗaya 40 daga na gona, Moss ya yi kwana uku yana sassauta su. A garke babba ba fuska ɗaya da za ta riƙe, dole ta riƙa kai da komo a baya tana tattara gefe da gefe. An ajiye "lai-dawun" na mako biyu, in ana son birki ta tsaya a kan ƙafafunta. Ina tafiya da baya da sauri, ina karkata hagu da dama, don garke ya kasance cikin motsi kullum. In ta fara sauke ƙirji, ɗan "shhh" ya isa ya tashe ta. Tsawa tana ƙara danne mai ido.

21 ga Yuni

Zafi ya kai digiri 24, rana tsaka, ba iska. Bayan minti goma da garken 40 harshenta ya faɗaɗa ya lanƙwashe a baki, umarni ya fara isa a makare, ƙafafun baya suka yi tangaɗi sau ɗaya. An tsaya nan take, an sa ta cikin kwamin ruwan tumaki har ƙirji. Ma'aunin zafi ya nuna 40.3. Na lafiyayyen kare 38.3 zuwa 39.2 ne, 41 kuwa maganar asibiti ce, kuma ana fara sanyaya shi kafin a sa shi a mota. Cikin rabin awa ta dawo daidai. Collie ba ya tsayawa don kansa, zai yi ta gudu har ya faɗi, don haka agogon yana hannun mai shi. Horo ya koma ƙarfe biyar da rabi na asuba, tunda rana na fitowa kafin biyar a wannan wata.

Masu tunanin kai wannan jinsi Kano ko Maraɗi su duba wannan adadi da kyau. Digiri 24 ne ya yi haka, a can kuwa bazara na wuce 40. Balami da Uda da 'Yankasa kuma sun saba bin makiyayi, ba su da buƙatar a kewayo su daga bayan dutse. Ban ga abin da karen zai samu ba sai wahala.

28 ga Yuni

Ido ya sassauta, tana kai ƙarfe goma sha biyu ta ɓangarorin biyu. Sai ga ɗingishi a ƙafar gaba ta dama, tana lasar tsakanin yatsu. An fara zargin kafaɗa, don ƙananan collie kan samu ciwon guringuntsi a wurin, amma miƙa ƙafar da lanƙwasa ta bai sa ta motsa ba. Tsakanin yatsa na biyu da na uku akwai kumburi ja da ɗan rami mai ruwa. Likitan dabbobi ya yi mata allurar barci ya zaro tsinin ciyawa mai tsawon santimita ɗaya da rabi. Irin wannan yana da ƙaya masu kallon baya, gaba kawai yake tafiya, in an bar shi yana haurawa cikin ƙafa. Fam 140 da magani. Hutun kwana goma. Daga yau duba tsakanin yatsu da kunnuwa kowane dare har a yanke ciyawa.

3 ga Yuli

Tana hutu, takardu sun iso. Sakamakon gwajin ƙwayoyin gado, fam 110: ba ta da cutar da ke tsare fararen ƙwayoyin jini a ɓargo, ba ta da mai hana jiki tsotsar bitamin B12, amma tana ɗauke da kwafi ɗaya na ƙwayar gadon ciwon idon collie. Ita ba abin da zai same ta. In aka haɗa ta da namiji mai kwafi ɗaya, kowane kwikwiyo yana da kashi ɗaya cikin huɗu na kamuwa, don haka in za a yi barbara sai da wanda aka gwada ya fita tas. Farfaɗiya, wadda ta fi tsoratar da makiyaya a wannan jinsi, sai dai a bincika dangi, kuma wanda aka saye ta a wurinsa ya ce bai gani a uwa ko 'yan uwanta ba.

Takardar asali daga ISDS ce, ƙungiyar karnukan kiwo da aka kafa a 1906, wadda sakatarenta James Reid ya fara rubuta sunan Border Collie a 1915 don bambanta shi da collie na nuni, wanda ake kaiwa gasar kyau. In aka bi layin Nel baya ana cin karo da Wiston Cap ta wajen uwa da uba. Shi ne karen da ke sanɗa a tambarin ƙungiyar, an haife shi a 1963, ya ci babbar gasa a 1965, aka yi ta kai masa karnuka mata har ya zama da wuya a samu takardar da ba ya ciki. Can baya kuma akwai Old Hemp, wanda aka haifa a hannun makiyayi Adam Telfer a wannan Northumberland a 1893, ya mutu a 1901 bayan ya bar 'ya'ya wajen 200. Ubansa Roy mai sauƙin hali ne, uwarsa Meg kuwa mai ido ce ƙwarai. Hemp ya haɗa biyun: yana aiki shiru, tumaki na bin abin da yake so, a zamanin da karnukan kiwo da yawa haushi suke. Abin da ya faru ranar 14 ga Yuni gadon ɓangaren Meg ne.

Abin da na fi darajawa a tsarin ISDS shi ne ba ta da ma'aunin kamanni. Kunne a tsaye ko a kwance, gashi dogo ko gajere, duk ɗaya, har kare marar takarda yana iya samun rajista in ya nuna aiki. Tun gasar karnukan kiwo ta farko a Birtaniya, wadda aka yi a Bala ta Wels a 1873, fili ne alƙali. Ƙungiyar nunin karnuka ta Birtaniya ta karɓi jinsin a 1976, ta Amurka a 1995, kuma daga nan aka samu layin da ake zaɓa don kyan gashi. Mai neman karen aiki ya je ya ga uwa da uba a bayan tumaki kafin ya ciro kuɗi.

12 ga Yuli

Ƙafa ta warke. Hutun ya bar ɗabi'a: duk sanda babur mai ƙafa huɗu ya wuce, sai ta riƙa juyi a ɗakinta tana cizon waya. Ƙwaƙwalwar da aka gina don lura da motsi, in ba tumaki, za ta kama mota, kaji, inuwa, hasken tocila. An juya ƙofar ɗakin ta kalli bango maimakon tsakar gona, an rufe gefe da katako. Karen aiki yana buƙatar wurin da ba abin kallo, ya yi barci na gaske. Jefa ƙwallo don a gajiyar da ita an hana kowa.

19 ga Yuli

Aski. Ba a sa ta cikin matsattsen shinge ba, wurin cizo ne da tunkuyi. Ta yi rakiyar waɗanda aka aske zuwa fili kawai.

26 ga Yuli

Gudun kewaye ya lalace a mita 150. Siffar da ake so ta ludayin duma ce: siriri daga ƙafar makiyayi, ya yi ta buɗewa, ya fi faɗi a wajen tumaki, kare ya sauka bayansu da tazarar da ba za su ɗaga kai ba sai ya iso. A mita 80 tana yin haka. Da aka kai 150 ta fita ta dama da kyau, a rabin hanya idonta ya kama garke, ta yanko ciki, ta ƙetare tsakanina da su ta koma hagu. Tumaki suka ga kare a gabansu, suka juya suka haura. A fili mai shinge ɓata lokaci ne kawai. A kan tudu garken ya ɓace bayan dutse ke nan, aikin safiya ɗaya ya tafi.

Tsallen daga 80 zuwa 150 ya yi yawa, kuma a nesa jikin mutum ba ya tura kare waje, murya kaɗai ta rage. An koma 60. Ina kwantar da ita, in taka zuwa rabin hanya, in ɗan karkata ɓangaren da ba za ta bi ba, sannan in aika ta. In ta fara matsewa, birki, in matsa kusa da tumaki, in sake aikawa. Ba a barin ta samu tumaki ta hanyar da ba daidai ba, don samun tumakin shi ne ladanta. Ƙarin mita 20 kawai, sai ɓangarorin biyu sun fita tsaf. Ana kuma sauya fili, don a na farko tumaki kullum ƙofar kudu suke ja, ta fara tsayawa inda ƙofa ta koya mata maimakon karanta garke.

9 ga Agusta

Ta shiga lokacin barbara na farko. Mako uku a keɓe, ƙofa biyu tsakaninta da Moss. Ta yi laushi, ƙaramin gyara sai ta kwantar da kunne. Aiki mai sauƙi kawai, ba sabon darasi.

30 ga Agusta

Tattarowar yaye, fitarta ta farko kan tudu. Moss ya ɗauki sama, ita tana kusa tana tare masu zamewa ta rafi. Uwa mai ɗa daban take da 'yar shekara ɗaya. Wata tunkiya jinsin Blackface mai ƙaho ta juyo, ɗanta a bayanta, ta sunkuyar da kai. Nel ta matso taku biyu, ta kau da fuska, ta fara neman kewayewa. Kau da fuska shi ne abin lura: tunkiya ta gane ta ci nasara, gobe za ta ƙara. Na je na tsaya kafaɗa da kafaɗa da Nel, muka matsa tare, tunkiyar ta juya, aka bar Nel ta bi ta taku goma. Ƙaramin karen da aka tunkuya a wannan mataki yana iya rasa zuciya har abada, don haka ba za a bar ta ita kaɗai da masu 'ya'ya ba sai baɗi. Cizon hanci da umarni, sau ɗaya a saki, halal ne a aikin gona, amma darasin hunturu ne. Abinci ya koma giram 380 a ranakun tudu.

13 ga Satumba

An fara kora, wato tura garke nesa da makiyayi. Shi ne darasi mafi wuya, don duk jininta na cewa ta sha gaba ta dawo da su. A babbar gasar ƙasa, inda ake fita yadi 400 a kan tumaki biyar cikin minti 15, kora ce ke da maki mafi yawa, 30 cikin 110. Hanya: garke a jikin shinge, ita a baya, ni a gefe mita biyar, muna tafiya tare. Da ta fara zamewa don kewayewa, in kira sunanta a hankali, ta dawo layi. Mita 20, sannan a bar ta ta kewayo su sau ɗaya ta huce.

An haɗa da usur, ɗan fale-falen da ake riƙewa a baki, fam 4. Busa ɗaya doguwa birki, gajeru biyu matso, hagu daga ƙasa zuwa sama, dama daga sama zuwa ƙasa. Sautin farko na kowanne dole ya bambanta, don a kansa kare ke juyawa. Usur da farko, kalma ta biyo, har kalmar ta zama ba a buƙata.

27 ga Satumba

Kewaye mita 220 ta hagu, 180 ta dama. Kora mita 50, ina baya. Ruwan sama duk mako.

11 ga Oktoba

Kewaye ya kai 280 ta hagu, 240 ta dama, ba ƙetarewa tun farkon Satumba. Birki da usur yana kamawa har 200, bayan nan tana ƙara taku uku ko huɗu. Tayar da garke ya yi kyau, a nan idonta ke biyan kuɗinsa: tana isowa a hankali, kawuna su ɗago, su juya, su taho da tafiya. Raunin da ya rage kora ce. Bayan mita 70 tana waiwaye, kuma kewaye ta cikin gida, tsakanina da garke, ba ta yarda da shi ba tukuna.

Kuɗi ban da sayenta da allurar farko: abinci buhu huɗu fam 96, magungunan tsila da kaska fam 95, likita 140, gwajin gado 110, kaya 18. Jimla fam 459. Karen da ya gama horo fam dubbai ne a kasuwar Skipton ta Ingila, inda a Fabrairun 2020 aka sayar da wata karya mai suna Megan ta Emma Gray, makiyayiya daga wannan yanki, a kan fam 18,900.

Mataki na gaba: daidaita dama da hagu kafin a ƙara nisa, don kwarin gabas ta dama kawai ake iya kewaye shi. Kewayen cikin gida a jikin shinge, taku biyu a tsaya. Umarnin waiwaye, ta bar garken da ke gabanta ta koma neman wani, sai bayan Disamba, don koya shi da wuri yana sa kare sakin tumakinsa. Hoton ƙashin ƙugu a wurin likita ranar 29 ga wata don duba lafiyar gaɓar, tunda ta wuce wata 12 da tsarin gwajin ke buƙata. Makin daga 0 zuwa 106 ne, ƙarami ya fi. Gasar ƙananan karnuka ta hunturu za a je kallo da ita a igiya, ta saba da motoci da baƙin karnuka. A tattarowar Nuwamba za ta ɗauki gangaren yamma mai sauƙi ita kaɗai, Moss ya riƙe duwatsun sama.